Harafin da Kaka Ta Tsaga Biyu

Idan mutane suka tashi ba da labarin kakanninsu, sai ka ji bakinsu kamar an zuba masa zuma. Ni tawa kakar ba ta bar mini abin yin wannan zaƙin baki ba. Allah ya jiƙanta, tunda an ce a yi wa mamaci addu'a, amma har yau idan na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Hajiya Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga Damagaram ta zo mana a wani lokacin sanyi, ni da Usaina abokiyar tagwaicina muna firamare. Gidanmu ɗaki biyu ne can saman bene a unguwar Concourse Village ta Bronx, a ƙasar Nasara. Wai likitan ido ta zo gani, amma idon nan da ta ce ba ya gani babu abin da ya tsere masa. Miyar Mama salam take. Gidan akurki ne. Mu kuwa, tun ranar da ta yi mana magana da Hausa muka mayar mata da Turanci, ta raɗa mana 'ya'yan Nasara.

Bayan magariba takan ja kujera gaban wata 'yar hitar jin ɗumi mai jan wuta da Baba ya sayo mata a Fordham Road, ta miƙe ƙafafu, ta kira mu tatsuniya. Gaskiya ɗaya ce, ta iya. Idan ta ari bakin Gizo har birgima muke yi don dariya. Sai dai tatsuniyarta ba ta taɓa zuwa haka kawai ba, kowace da wanda ake jifa da ita. In ta ɗauko ta malalaciyar mace, muryarta takan tashi daidai yadda za ta kai kicin, inda Mama ke wanke-wanke tana buga tukwane.

Abin da take so kuwa kowa ya sani: ta koma gida da ɗayarmu riƙo. A ganinta haƙƙinta ne, ɗanta na fari ya haifi biyu, ɗaya ta kaka ce. Mama ta ce sam. Baba ya yi ta noƙe-noƙe, yau ya ce sai an yi hutun lakkwal, wato makaranta, gobe ya ce fasfo bai fito ba.

Wata Lahadi muna tafe da Baba a titin Grand Concourse muka wuce wani ƙaton gini mai rubutu sassaƙe a goshinsa. Usaina, sarkin tambaya, ta ce me ya sa aka sa V a inda U ya kamata? Baba ya yi boko sosai kafin ya zo nan ya kama tuƙin taksi, kuma yana jin daɗin a tambaye shi. Da muka koma gida muna cin tuwo ya warware mana. Ya ce kwaikwayon tsoffin Rumawa aka yi, masu harshen Latin. Su harafi ɗaya gare su, shi ke yin aikin biyun. A kan dutse yana da tsini, da alƙalami kuma gindinsa ya zagaye, sai daga baya masu buga littattafai a Turai suka ware kowanne da aikinsa. Ya ƙara da cewa mu a Hausa ba mu ma da V. Kaka tana gefe tana tauna goro kamar ba da ita ake ba.

Washegari ta jira sai da Baba ya sallame sallah yana zaune a kan darduma.

"Ga ta nan," in ji ta. "Ta yau kuma har manya ta gayyato."

Ta ce a birnin Rum an yi wani harafi, tilo a wurin uwarsa, amma aikin mutum biyu yake yi. Masu sassaƙar dutse su kira shi, ya tsuke ya yi tsini. Malamai su kira shi a kan fata, ya saki jiki ya yi gindin ƙwarya. Uwar tana ta yanga, wai ɗanta ɗaya tamkar biyu, alhali duk mai karatun da ya iso kansa sai ya yi tuntuɓe. Dattawa suka je suka ce ta raba shi. Ta ƙanƙame abinta tana kuka, don wawiyar uwa ce. Aka yi ta fama har masu injin buga littafi suka zo, su kuwa ba su san lallashi ba, suka tsaga shi biyu. Mai tsinin ya zauna wurin Nasara.

"Har gobe Bahaushe bai san shi ba, ko a baki ba ya zaunar mana. Mai gindin ƙwaryar ne ɗan albarka, ya biyo hanya har gida. Shi ne a cikin uwa, shi ne a cikin uba, shi ne a tuwo da ruwa."

Ba ta yi ƙurunƙus ba. Ta juya wajen Baba, wanda ba ta kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari.

"Kai, wannan yaro. Biyu Allah ya ba ka, duka biyun za ka bar wa Nasara? Ni da na ba uwata kai tun kana rarrafe, mutuwa na yi?"

Mama ta fito daga kicin hannunta duk kumfa. "Hajiya, 'ya'yana ba haruffa ba ne."

"Da ke nake? Da ɗana nake magana."

Muka zuba wa Baba ido. Mutumin da ke daka wa direbobin Bronx tsawa ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"To, Hajiya. Yadda kika ce."

Ta nuna Usaina da haɓa. "Wannan ce mai jin kira. Mai tsinin bakin ku riƙe abarku."

Da zafi ya shigo suka tafi. Na yi ihu a filin jirgi har muryata ta dishe. Mama ta daɗe ba ta yi wa Baba maganar da ta wuce ga abinci nan ba. Turancin Usaina ya riƙa zubewa kaɗan-kaɗan a waya, har ya zama sai gaisuwa. Hausar nan da nake rubutu da ita, don in iya magana da 'yar'uwata na koye ta, da haushi na koye ta.

Da na girma na bincika, na tarar labarin harafin gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara mini takaici. Na gane cewa mai son ƙwace abu ba sai ya yi ƙarya ba, ya isa ya ɗauko gaskiyar da ba ta shafe ka ba ya ɗora maka. Harafi ba shi da zuciya, in an tsaga shi ba ya kwana yana laluben gefen katifa. Ana ce mini Kaka ta yi wa Usaina tarbiyya, ta yi mata gata. Ban musa ba.

Sai bayan rasuwar Kaka ne Usaina ta dawo, ta zama cikakkiyar mace. Na je tarbarta da gudu, hannuwana a buɗe, ina jiran ta faɗo jikina. Ta tsaya nesa kaɗan, ta gyara mayafi, ta rusuna har ƙasa.

"Ina wuni, Yaya. Mun same ku lafiya?"

Ni da muka kwanta ciki ɗaya da ita. Na sauke hannuwana na ce, "Lafiya lau."