Kyaftin da Irin Geron Yaya

Na zauna a majalisu da yawa inda ake gardamar fim. A bakin tashar jirgin ruwa ta Ikko, gardamar ba ta wuce wa ya fi wa ƙarfi. A Kartum sun fi damuwa da wa zai auri wa. Amma a ƙauyenmu na arewa da Minjibir ne kaɗai na ga an kalli fim ɗin sararin samaniya an mai da shi maganar noma.

Shekarun fari ne, lokacin da damina biyu a jere suka ba mu kunya. Na dawo gida daga kudu ba aiki, sai Turancin da na kwaso. Mai injin niƙan garinmu yana da ƙaramin talabijin marar launi da yake haɗawa da batirin mota, eriyarsa a kan dogon gora. Duk Asabar bayan la'asar sai ya fito da shi zaure, a cika maƙil, ni kuma a zaunar da ni gaba ina fassara.

Shirin na wani kumbo ne da ya taso daga duniyar da ta ƙone, ɗauke da mutane da ragowar irin shuka a cikin wasu tuluna na ƙarfe. Kowane mako sai su iso wata sabuwar duniya, a sauka a duba ƙasa, Kyaftin ya murza ta a hannu ya ce ba a nan ba. Akwai wata mace mai kula da injin kumbon, kullum tana masa faɗa a shuka kafin irin ya mutu. Ana harbe-harbe da bindigogin haske, akwai wani mutum-mutumin ƙarfe mai magana, amma mutanenmu ba su dame su ba. Su dai tulunan nan.

Yayana, wanda ke riƙe da gandunmu, ɗan bayan Kyaftin ne. Irin geronmu da ya rage bai fi cikin ƙwarya biyu ba, yana rataye a buhu a ɗakinsa, kuma in ya lalace ba mu da na sake shuka. Taubashinmu, ɗan ƙanwar babanmu, shi kuma yana bayan macen nan mai kula da injin kumbo. Tun suna yara, cikin wasan taubasantaka, kowannensu ke cewa ɗayan bawansa ne.

"Wannan Kyaftin naka matsoraci ne," in ji taubashi. "Duniyar makon jiya fa har da jigawa. Da ni ne, da na yi binne na wuce."

Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwan farko ya yi ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone.

"Bawana, rufe mana baki," in ji Yaya. "Ka ga hadari a can? Ka ga taki? Ko jaki ɗaya ka gani a kumbon nan da zai kai musu taki?"

"Ga mutumin ƙarfe can, a ɗora masa mangala mana!"

Zaure ya kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce in tambayi na cikin akwatin ko ƙasar ja ce ko baƙa. Na ce, Baba, akwatin nan komai toka-toka yake nunawa. Ya ce to shi ya sa Kyaftin ya kasa ganewa.

Da bazara ta yi nisa, taubashi ya ɗauki sungumi ya binne irinsa duka, mutane da dama suka bi shi. Yaya ya ƙi. Sai sunan Kyaftin ya bi shi. In ya fito masallaci sai ka ji, "Ranka ya daɗe, yau wace duniya za mu wuce?" Ni kaina na fara jin tsoro, na same shi a ɗaki na ce ko rabi mu zuba. Ya ce in je in ci gaba da fassarata.

Ana cikin haka mai injin niƙa ya sayar da talabijin ya sayi dawa. Ba wanda ya ga laifinsa, amma an bar mu da kumbo a sama.

Ruwa ya sauko wata Laraba, mai daɗin ƙamshi. Yaya ya fita gona ya tona da hannu, ya ga danshin bai kai tsawon yatsa ba, ya dawo ya kwanta. Gonar taubashi ta yi kore shar, yana wucewa ta ƙofar gidanmu yana sara wa Yaya irin ta soja. Daga nan sama ta bushe. Muna kallo tsiron ya lanƙwashe ya zama kamar zare.

Da ruwan gaske ya zo, muna shirin fita da sassafe sai ga taubashi da ƙwarya a hannu, wayam.

"Kyaftin, bawanka ya zo."

Yaya ya ce ba zai ba shi ko ƙwaya ba sai ya faɗa a gaban jama'a cewa Kyaftin ya yi daidai. Aka tsaya a ƙofar zauren da ba talabijin, taubashi ya ɗaga murya: "Jama'a, Kyaftin ya yi daidai. Amma wallahi matsoraci ne." Yaya ya auna masa kashi ɗaya cikin uku, muka rage yawan ƙwayar da muke jefawa a rami don ya ishe mu. Geron bai cika rumbu ba a shekarar, amma gidajen biyu sun ci, sun kuma ajiye iri.

Bayan shekaru, a wani masauki a Abijan, na ci karo da ƙarshen shirin an juya shi da Faransanci. Da na dawo na tarar da su biyun a gindin dalbejiya, duk sun yi furfura. Na gaya musu Kyaftin bai taɓa shuka ba, shirin ya ƙare kumbo na tafiya.

"Ka ji ko!" in ji taubashi. "Da yunwa ya kashe su."

Yaya ya tambaye ni, "Tulunan fa, suna nan?"

Na ce suna nan.

"To, iri na hannu," ya ce. "Ruwa yake jira."