Tukunyar Iska a Ɗakin Yaya

Da aka gama ƙona ƙarin da ke ƙwaƙwalwar yayana da na'ura, muka dawo da shi gida Sabon Gari muna murna. Ƙari ya tafi, amma Yaya bai dawo daidai ba. Mutumin da ke koyar da lissafi ya koma tambayar matarsa ko ya ci abinci, ga kwanon a gabansa. Wata Juma'a ya fita kasuwa, sai a bakin gada aka same shi, ya rasa hanyar gida.

Wata abokiyar aikina ta ba ni labarin wani magani. Ana sa mutum cikin ɗakin ƙarfe, a matsa iskar ciki, ya riƙa shaƙar oksijin zalla, ko inda ya ƙone zai farfaɗo. Na je Kano na tambayi likitansa. Ko kai bai ɗaga ba.

"Hajiya, ana kan bincike ne, babu tabbas. Mu ma ba mu da shi. Ku gode Allah yana raye."

Na gode Allah, amma ba abin da na tambaye shi ba ke nan. Na fito raina yana tafasa.

Zancen ya kai kunnen kawunmu. Wata rana na dawo daga aiki na tarar ya kawo wani mai kyamis da tukunyar oksijin, irin ta asibiti. Sun toshe tagar ɗakin Yaya da tsumma, sun ɗaura masa roba a hanci, sun kulle ƙofa, wai kada iska ta gudu. Lokacin bazara ne. Na buɗe, na same shi sharkaf da gumi.

"Ƙanwata, laifin me na yi aka rufe ni?"

Na fizge robar, na jawo tukunyar zuwa tsakar gida. Na ce wa mai kyamis ya bar gidan kafin in tara masa jama'a.

"Ke kika kawo zancen iska," in ji Kawu.

"Kawu, ba wannan na ce ba. Yayana ba abin gwaji ba ne."

Tun daga ranar Kawu ya daina amsa gaisuwata. Yaya ya manta komai kafin la'asar, har yana tambayar me ya hana Kawu zuwa. Ni kam ban manta ba, ban kuma je ba da haƙuri ba.