Injin Baba Ba Ya Kwana Bakin Rima

Jiya da la'asar na ji mai shela yana zagaya Goronyo da lasifika, wai an saki ruwan dam, kowa ya kwashe kayansa daga fadama. Nan take na tuna da marigayi Baba, dattijon majami'armu, wanda ya koyar a firamare har ya yi ritaya ya kama noman albasa.

Baba bai taɓa barin injin ban ruwansa ya kwana a bakin kogin Rima ba. Ko tsakiyar rani ne, sai ya kwance tiyo, ya ɗora injin a kan jaki, ya haura da shi tudu. Wata yamma na kama masa. Rigarsa na warin fetur da albasa. Wani masunci da ke gyaran koma kusa da mu ya ce, "Malam, mi kaka gudu? Ko gajimare babu!"

Baba ya kalli kogin, wanda ya kwanta shiru kamar ba ya tafiya. Ya ce, "Ruwan ga yana da mai buɗe shi, kuma ba ya shawara da ni. Haka dawowar Almasihu take. Mutanen Nuhu ma rana suka gani da safe."



Kafin shelar jiya ta kai ƙarshen gari, ruwa ya shanye gonakin gangare, da injuna a ciki.

Ya Ubangiji, ka ba Baba hutawa. Mu kuma, ranar da za a busa ƙaho, ka same mu a tudu.