Sunan Da Bakina Ya Ƙi Faɗa

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ba ni hankalinku. Na ga abubuwa da yawa a duniya, wasu sun bi ruwa, amma wannan ba zan manta da shi ba har a kai ni makwancina. Ni ban yi boko ba, ban san baƙi ba. Ina faɗa ne ana rubutawa.

Ina da shekara biyar ko shida mahaifina ya kama hanyar gabas zuwa aikin Hajji, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan babbar mota. Ya tafi da yayana, ni kuma ya bar ni a hannun gwaggona a wani ƙauye na ƙasar Katsina, domin mahaifiyarmu ta riga ta rasu. Bai dawo ba. Wani mahajjaci ya taɓa cewa ya gan su a Sudan suna noman auduga, daga nan labari ya yanke. Na girma, na yi aure, maigidana ya kawo ni Kaduna, na haihu, ya rasu, na koma gidan ɗana a Unguwar Dosa. Duk tsawon wannan zamani ban fasa tambayar masu dawowa daga gabas ba.

Shekara huɗu ke nan, wata Asabar da hantsi, jikata ta shigo ɗakina da kwamfuta a hammata. Babbar mace ce, tana aikin gwamnati kamar yadda ubanta ya yi kafin ya yi ritaya. Ta ce akwai shafuka a intanet da ake biya su nemo wa mutum danginsa, kuma ta tsamo guda uku, amma ɗaya kaɗai za ta iya biya na shekara.

"Tsohuwa, yau za ki yi zaɓe," in ji ta.

Na ce, "Ke da ba ki iya zaɓen miji ba har yau, ke za ki koya mini zaɓe?"

Ubanta ya ji dariyarmu, ya jawo kujera bakin ƙofa. Ta fara bayani. Na farko shi ne mafi girma da tsada, yana da tsofaffin takardu na haihuwa da mutuwa da na masu shiga jirgin ruwa. Nan take ɗana ya ce shi za a ɗauka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin fayil, a ganinsa duk abin da ba ya takarda bai faru ba. Shafin ya ba da mako guda na gwaji kyauta, suka duba, ba su ga komai ba sai Turawa da kakannin Turawa. Na ce masa, "Kai, wa ya rubuta haihuwar ubana? Ungozoma?"

Na biyu kuwa kwalba za su aiko, in tofa yawu, a mayar musu ƙasar waje su auna. Jikata ta ce za su faɗa mini yankin da na fito. Na ce na san inda na fito, inda suka tafi ne ban sani ba. Ta kuma yarda cewa ba za a gano yayana ba sai in shi ma ya tofa nasa. Ban da haka, mu yadda aka rene mu, ko gashin kai ba a bari a hannun wanda ba a sani ba, balle yawu. Na ce a wuce.

Na uku shi ne ƙarami. Mutane da kansu suke rubuta asalinsu a ciki, wane ya haifi wane, a wane gari, har da rubutun Larabci. In sunan uba da na gari suka dace da na wani gida, sai a sanar da ku duka biyu. Na ce wannan ya yi kama da yadda muke neman juna a gidan biki, ana tambaya ana haɗawa. Shi muka ɗauka. Har yau ina ganin zaɓen ya yi daidai. Kuskuren daga bakina ya fito.

Da jikata ta zo cike bayanaina a shafin ta ce, "Sunan babanki?" Na ce Mai Kanwa. Haka kowa yake kiransa saboda fataucinsa, haka gwaggona take faɗa, haka 'ya'yana suka tashi suna ji. Ta rubuta. Sunan yayana na faɗa daidai, amma suna ne da kowane gida akwai mai shi, aka fito mana da dubbai.

Muka zauna jira. Azumi ya zo ya wuce, aka yi Babbar Salla, damina ta sauka ta ɗauke. Duk Asabar sai ta buɗe ta ce, "Shiru, Tsohuwa." Ɗana ya riƙa cewa da an bi tasa da yanzu an gama. Ni dai ina ta addu'a, domin na san in yayana yana raye ya tsufa ƙwarai, kowace rana tana da nauyi.

Saura wata ɗaya shekarar ta cika, muna zaune a tsakar gida ina tsinke zogale, sai jikata ta ɗago kai.

"Wai Kaka, ran suna da Mai Kanwa liman ya raɗa masa?"

Na yi dariya na ce wa zai yanka rago a kan Mai Kanwa.

"To mene ne sunansa na yanka?"

Hannuna ya tsaya a cikin faranti. Sunan mahaifina ɗaya ne da na maigidana. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa wannan suna bai sake fita daga bakina ba, ko yaron maƙwabta ne mai shi sai in sa masa wani. Haka aka koya mana kunya, kuma ban taɓa jin nauyinta ba. Na ce mata a hankali, "Kin san ba na faɗa. Mai sunan kakanki ne, uban babanki."

Ɗana ya sauke jaridarsa. Ya ce, "Inna, na haura sittin ban san wannan ba."

Na ce, "Ba ka taɓa tambaya ba."

Ta goge, ta rubuta na gaskiya. Kwana tara aka yi, saƙo ya shigo daga wata mata a Sudan. A cikin asalin gidansu akwai wannan suna, da sunan ƙauyenmu, da 'ya'ya biyu. A gurbin ta biyun an rubuta sunana, aka ce an bar ta a ƙasar Hausa.

Aka haɗa mu ta waya ina ganin fuskarta. Hausarta irin ta mutanen da ce, gauraye da Larabci. Ta ce, "Gwaggo, ni ce babbar 'yar yayanki. Shekara uku ina neman ki a wannan shafi, shi ya sa ni." Na tambaye ta ina yake. Ta sunkuyar da kai. Ta ce ya rasu a goman ƙarshe na azumin da ya wuce, da hankalinsa, yana ta tambaya ko an samu amsa daga yamma.

Na lissafa a zuciyata. Wata huɗu muna cikin shafi ɗaya da shi yana raye. Na yi salati, na yi masa addu'a, na ce ta gaishe da gida. Ban yi kuka ba sai da aka kashe wayar.

Na san kwana ba ya wuce ranarsa, kuma Allah bai rubuta za mu ji muryar juna ba. Amma na koyi abu guda: kunya ado ce a tsakanin waɗanda suka san juna, in kuwa ana neman wanda ya ɓace, da sunansa na yanka ake nema. Abin da tsoho ya rufe a bakinsa yana ganin kowa ya sani, ba kowa ya sani ba. A makon da aka yi wayar na tara gidan, na zauna na lissafa kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, wanda bakina ya ƙi na kwatanta har aka gane, aka rubuta.

Mahaifina, ashe, ya sauke farali, a hanyar dawowa ya tsaya noma don neman guzuri, ciwo ya kama shi, a can aka binne shi. Yayana ya bar 'ya'ya bakwai. Babbarsu tana kira na duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Ɗana ya sayi babban littafi, yanzu shi ke bin tsofaffin dangi a Rigasa da Kurmin Mashi yana tambayar su sunaye. Jikata ta yi aure bara, ta haifi namiji, aka sa masa sunan mahaifina. Ni kuwa ga ni nan a ɗakina, ina goyon yaron, ina kiransa Mai Kanwa.