Daddawar da Ban Ji Warinta Ba

Ni nake cefanen gidana tun da na yi aure. Ba na aiken kowa, domin duk wanda ka aika sai ya ɗora kifi a kan tumatir. Aikin gidan ruwa na yi a Haɗejiya har na ajiye, aikin kunna inji da kashe shi, kuma a can na saba da cewa komai yana da abin da ake yi kafinsa da abin da ake yi bayansa. Haka nake shiga kasuwa. Hatsi da farko, shi ne mai nauyi, shi zai zauna a ƙasan buhu. Sai albasa, sai manja da gishiri. Sai kuka da daddawa. Kifi a ledarsa daban, a rataye a kan keke. Tumatir da attaruhu su ne na ƙarshe, su ne a sama.

Mu uku ne a gidan a shekarar korona: ni, da maiɗakina, da Inna mahaifiyata. 'Ya'ya duk sun yi aure sun watse. Ta kusa a cikinsu tana Malam Madori, kuma an hana zirga-zirga. Inna ta tsufa ƙwarai, ga ciwon ƙirji da ke tasar mata ko hayaƙin murhu ne ya yi yawa. Rediyo kullum maganarsa ɗaya ce: cutar ta fi kayar da tsofaffi da masu wahalar numfashi. Sai ka ce Inna suke siffantawa. Ita ba ta fita, maiɗakina ba ta fita. Idan har cutar za ta shigo gidan nan, to a jikina za ta shigo, ranar cefane.

Ni ne ɗan farin Inna. Asalinmu Fulani ne, ko da yake shanu sun daɗe da barin hannunmu, amma kunyar ɗan fari ba ta bar Inna ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko ina durƙushe a gabanta, sai ta kalli bango ta ce wa maiɗakina, "A gaya wa mutumin nan gishiri ya ƙare." Da haka na girma, da haka na yi furfura.

Da aka sa dokar zaman gida, kasuwa ta daina ci yadda muka saba. Sai a ɗan sassauta a wasu ranaku, na ɗan lokaci, a ce kowa ya je ya sayi abinci. Wanda ya tsara haka bai taɓa yin cefane ba. Mutanen da a da suke zuwa a rarrabe, wasu da safe wasu da yamma, yanzu duk sai su zubo lokaci guda. Ana cewa a ba da tazara, alhali kafaɗar wani tana cikin haƙarƙarinka, wani yana yi maka tari a ƙeya. Ga azumi ya shigo, ga zafin bazara. Takunkumin yadi da tela ya ɗinka mini yakan jiƙe da gumi tun kafin in kai layin hatsi.

Tun jajibirin ranar nake fara gajiya. In duba tukwane da robobi, in ga abin da ya ƙare, in ga abin da za a iya haƙura da shi. Idan na dawo kuma akwai nawa tsarin. Keke ya tsaya a zaure. Buhu ya zauna a rana. In wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, in cire riga da takunkumi in jefa a bokiti, in yi wanka a ɗan banɗakin baƙi da ke jikin zaure, sannan in shiga in gaishe da Inna daga bakin ƙofarta. Maiɗakina ta wanke duk abin da ke wankuwa. Ranar farko ta tambaye ni ko gishirin ma a wanke. Ban yi dariya ba.

Abu ɗaya ne ba a haƙura da shi a gidanmu: daddawa. Inna ba ta cin miyar da babu daddawar kalwa, kuma sai mai kyau. Idan ba ta yi mata ba, ba za ta ce komai ba, za ta ture kwanon ne kawai. Tsohuwa mai azumi, wadda aka hana ta azumin ta ƙi hanuwa, in ta ture kwano da magariba to sai kunu. Wata dattijuwa ce daga wajen Miga take sayar mini, kuma daddawa ba a zaɓenta da ido. Sai ka ɗauka ka kai hanci. Don haka a duk faɗin kasuwar, a gaban faifanta ne kaɗai nake sauke takunkumi, in shinshina, in mayar.

Ranar da nake ba da labari na tashi da ɗan nauyin kai. Na ce azumi ne da zafi. Na sayi gero, na sayi albasa da manja, na iso wurin dattijuwar. Na sauke takunkumi, na ɗauki ɗaya na kai hanci. Ban ji komai ba. Na ajiye na ɗauki wata. Kamar na shinshina dutse.

Na ce, "Baba, yau kuma ta waken suya kika kawo mana?"

Ta ɗago ta dube ni. "Malam, ka ji tsoron Allah, da azumi a bakinka. Tun daga bakin layi ake toshe hanci saboda ita. Mai kukan nan tun safe yake cewa in matsa."

Mai kuka ya ce, "Wallahi ta hana ni sakat. Ko ta cikin ƙyallen nan ina jinta."

Sai na tuna. A rediyo an faɗa, ba sau ɗaya ba, cewa cikin alamomin cutar akwai mutum ya daina jin ƙamshi da wari. Na mayar da takunkumi. Na ce ta ƙulle mini duk waɗanda na taɓa, kada ta sayar wa wani. Ta ɗauka yabo ne, har ta yi mini gyara.

Daga nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsallake mai kuka na nufi layin masu kifi. Bandar da ake kawowa daga Guri, tarwaɗa da ƙarfasa, a kwali-kwali. Wanda ya san layin nan ya san warin hayaƙi da ƙarni suna bin mutum har gida, su kwana a rigarsa. Na tsaya a tsakiya na ja numfashi. Ƙudaje na gani, mutane na gani, amma hancina babu labari. Ban sayi kifi ba. Ban sayi tumatir ba. Ban ma hau keken ba, tura shi na yi har gida, ina kauce wa mutane, ina lissafa waɗanda na tsaya kusa da su da wadda na gaisar da safe daga bakin ƙofarta.

A zaure na tsaya na yi sallama. Maiɗakina ta leƙo.

"Malam, har ka dawo? Ina kayan miyan?"

"Tsaya nan. Kada ki ƙaraso."

Na gaya mata. Ta riƙe bakin zane ta ce, "Ko mura ce?"

"Ko mura ce, ko ba mura ba ce. Ba da Inna za mu gwada ba."

Na kira wani ɗan unguwarmu mai aikin asibiti a waya. Ya ce in ware kaina, in riƙa shan ruwa da yawa bayan buɗa baki, idan numfashi ya fara yi mini wuya in kira shi nan take. Na ce a miƙo mini tabarma, da buta, da kwano ɗaya da kofi ɗaya waɗanda ba za su sake komawa ciki ba. Na ja layi da gawayi a ƙasa, a ƙofar da ke shiga tsakar gida. Na ce abinci a ajiye a kan layin, a koma, sannan in ɗauka. Zazzaɓi ya zo ya yi kwanakinsa ya tafi. Abinci kuwa, tuwo da miya da kunu duk ɗaya suke a bakina.

Amma cefane bai san mutum ba shi da lafiya ba. Dole na nemi maƙwabcina, Babarbare, manomin shinkafa a fadama, abokin wasana tun muna samari. Ya tsaya a bakin titi, takunkuminsa a haɓa kamar gemu.

"Kai Bafillace," in ji shi, "duk tsawon hancin nan ashe ado ne? A yanke a ba yara su yi wasa mana."

"Rufe bakinka da ƙyallen nan kafin ka yi wa ubangidanka magana. Saurara. Kuka da farko, sannan kifi, a ledarsa daban. Tumatir a ƙarshe."

"Yau bawa ne ke aiken ubangida. Duniya ta ƙare."

Ya je ya dawo. Ina zaune ina kallo ya sauke buhu a ƙofar gida: kifi a kan tumatir, tumatir a ƙarƙashin albasa, ruwansa yana ɗiga. Mutum ya shiga wannan turmutsutsun saboda uwata, me zan ce masa? Na yi godiya. Da ya tafi sai wani tunanin ya zo: shi da takunkuminsa ke haɓa, wa ya san abin da ya kwaso a jikin ledojin? Na sa maiɗakina ta bar su a rana, ta wanke, ta sake wankewa. A da tsoron fita nake ji. Yanzu ban fita ba, tsoron bai ragu ba.

Washegarin ranar da na koma zaure, da hantsi, na ga ɗan ƙoƙo a kan layin gawayi, da daddawa guda a ciki. Daga bayan ƙofa na ji muryar Inna.

"A tambayi mutumin nan ko ya ji."

Maiɗakina ta ce, "Malam, Inna ta ce ko ka ji?"

Na shinshina. "Ki ce mata ban ji ba. Kuma ki ce mata ta daina zuwa kusa da ƙofar nan."

"A gaya masa ƙafata ce, ba tasa ba."

Haka aka yi ta yi kowace safiya. Ƙoƙo ya zo, tambaya ta zo, amsa ɗaya. Tsohuwar da daga ɗakinta zuwa rijiya sai ta huta a hanya, kullum sai ta dogara sanda ta zo bayan ƙofar.

Wata rana bayan la'asar na ji Inna ta fara tari. Ba irin wanda na sani ba, mai zuwa ya wuce. Wannan ya ƙi tsayawa, har tana shiɗewa. Na miƙe. Na zo kan layin na tsaya. Idan na shiga, ƙila in ƙara mata abin da nake ɗauke da shi. Idan ban shiga ba, ina jin uwata tana neman numfashi taku kaɗan daga inda nake. Na riƙe bango na yi ta kiran maiɗakina, muryata har titi.

Ta fito da ludayi a hannu, idanunta suna hawaye, ita ma tana tari.

"Attaruhu ne, Malam. Wanda maƙwabci ya kawo, na jefa a mai. Duk gidan ya ɗauka. Ba ka ji ba?"

"Da me zan ji?"

Na koma kan tabarma na zauna. Ban tashi ba har aka kira salla. Ranar dabino kawai na ci na sha ruwa.

An kusa ƙarshen azumi, wata yamma ina jingine da bango, ba na tunanin komai, sai na ji raina ya ɓaci ban san dalili ba. Na ɗaga murya yadda na saba shekara da shekaru.

"Ke! Tuwon nan yana kamawa! Ba kya jin ƙauri ne?"

Sai a lokacin na ji abin da na faɗa. Na ji takun maiɗakina ta nufi murhu da sauri, sai muryar Inna ta tsayar da ita.

"Bar shi. Bar shi ya ƙara ƙonewa, ya ji da kyau."

Ƙonannen tuwo muka ci ranar. Na jawo ƙoƙon safe na shinshina, warin ya zo, kaɗan-kaɗan, kamar daga gidan maƙwabta.

Ban tsallake layin ba sai da ma'aikacin asibitin ya ce ya isa. Ba a gwada ni ba, har yau ban san ko korona ce ko wata mura ce mai nauyi ba. Abin da na sani, Inna ba ta kwanta ba. Na wanke tabarma, na wanke buta, na goge gawayin da tsumma, na yi wanka, na sa riga mai tsabta, sannan na shiga. Na durƙusa a bakin ƙofarta na gaishe ta. Ta rame. Ni ma na san na rame. Ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da ido kan bango.

"A gaya wa mutumin nan kuka ta ƙare. Kuma daddawar da Babarbaren nan ya sayo, ko akuya ba za ta ci ba."

Washegari ranar sassauci ce. Na hura wa keke iska, na ninke buhu, na ɗaura takunkumi. Na ɗan zauna a zaure kafin in tashi, domin tun ban fita ba na riga na gaji. Sannan na fita. Hatsi da farko.