Burodi Mai Ramuka Uku

Shekarun da kuɗin mai suka zubo, gwamnati ta turo ɗana Sani karatun likita Landan, shi kuma ya ɗauko ni daga Gumel in riƙe musu yaro. Ɗaki biyu a Peckham, ba tsakar gida, ba murhu. Ƙafa ta gaji da hawa bene, baki ya gaji da shiru. Jikana Bashir yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsa mini. In na tuƙa tuwo in ce, "Maigida, ga abinci," sai ya ture kwanon. Tsorona in koma gida ba mu taɓa hira ba.

Abin da yake so wani burodi ne da wata tsohuwa Bajamushiya ke gasawa a ƙasan benenmu, firezal suke ce masa. Naɗaɗɗe ne kamar hannuwan da aka harɗe a ƙirji, da ramuka uku a tsakani, da tsabar gishiri a kai. Surukata ta tambayo mini asalinsa. Wai malaman cocinsu ne suka fara naɗa shi tun zamanin da, suna ba yaran da suka haddace addu'a. Kuma sai an tsoma shi a ruwa mai kaifi irin ruwan toka kafin a gasa.

Jin ruwan toka sai ga ni a gindin murhun kakata Iya Delu. Bayan isha'i takan gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya kauce mata."

Wai a shekarar yunwa wata mata ta rage da gari bai fi tafin hannu ba. In ta dunƙula, 'ya'yanta za su ga ƙanƙantarsa su yi kuka. Sai ta murza ƙullun ya yi tsawo kamar igiya, ta naɗe, ta bar ramuka, ya cika faifai. Ta ce, "Ku ci gefen yau, ramukan na gobe ne." Suka kwanta da sa rai, rai kuwa ya kai su damina.

Mukan ce, "Iya, ana cin rami?"

"Ja'irai! Wanda ya tambaya bai san yunwa ba."

Wata yamma na zaunar da Bashir da burodinsa a hannu, na ba shi tatsuniyar yadda aka ba ni. Ya ci gefen a hankali har ya ƙare. Ya duba tafinsa, ya duba ƙasa, ya ce da Hausa, "Kaka, ina na gobe?"

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar wayo ce. Ashe ta mai abu kaɗan ce. A garin da abinci ya yi yawa, ni ɗan garin da ya rage mini ita ce, na ja ta har ta kai bakin yaron nan.

Na ce, "Suna wajena, maigida. Gobe ka zo ka karɓa."