Jirgin Gado Ya Sha Ruwa

Gado maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a wani ƙauye kusa da Tibiri. Wata tara na shekara manomi ne kamar kowa. Amma idan damina ta kankama, gulbi ya kawo, shi ne mai fito. Mata masu zuwa kasuwa da 'yan lakol masu zuwa karatu da marasa lafiya, duk shi ke haye da su. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ruwa bai taɓa cin mutum a hannunsa ba. Ba ya alfahari da gona ko da 'ya'ya, da wannan kaɗai yake yi, kuma yana yi har ya ishe mu.

Bara jirgin katakon da ya gada ya ruɓe. Gado ya sayar da bijiminsa, ya tafi Maraɗi wurin wani dillali, Alhaji Garzali, mai sayar da injin ban-ruwa da babura, wanda ya ce yana kawo jiragen ƙarfe sababbi fil. Aka ce ya dawo bayan mako biyu. Sau huɗu yana zuwa, yau mota ta lalace, gobe Alhaji ba ya buro, wato ofishinsa. Sai tsakiyar rani jirgin ya iso, shuɗi, yana ƙyalli, lokacin da gulbi ba komai sai rairayi.

To, gidan su Gado suna da al'ada: sabon jirgi ba ya ɗaukar mutum sai ya sha ruwa. Tun da ba kogin da za a gwada shi da rani, sai a ɗora shi kan busasshen yashi, a cika cikinsa da ruwan rijiya, a bar shi ya wuni. Inda ruwa ya fita, nan zai shiga. Muka yi ta jan guga har hannuna ya yi kanta. Kafin azahar yashin ya jiƙe ta wuri uku. Gado ya kankare fenti da wuƙa, sai ga walda an yi ta sama-sama, an liƙe sauran da ƙaro.

Na raka shi Maraɗi. Alhaji ya saurare mu yana danna waya, sannan ya yi dariya.

"Malam Gado, jirgi aka sawa cikin ruwa, ba ruwa cikin jirgi ba. Kai ka ɓata garanti da hannunka. Bari damina ta zo mu gani."

"Da damina da ɗiyan mutane za a gwada shi ke nan?" in ji Gado.

Alhaji ya ce zai ba shi kwalta ya shafa, kyauta. Ni dai, don Allah ya gani, na ja Gado gefe na ce ya karɓa mu tafi, talaka ba ya ja da mai buro. Kallon da ya yi mini har yau ina jin kunyarsa.

Kwana biyu bayan haka ya ɗora jirgin a amalanke, shanun aro suka ja shi har ƙofar shagon Alhaji. Ya kira 'yan ga-ruwa suka cika shi. Ya shimfiɗa buzunsa, ya zauna, bai zagi kowa ba. Ruwa ya dinga ɗiga yana gangarawa har ƙarƙashin sababbin babura. Duk wanda ya tsaya tambaya, Gado ya nuna masa da sanda. Masu sayen inji suka fara duba nasu kayan da kyau, wasu suka juya.

Rana ta uku Alhaji ya fito yana kumfar baki, ya ce zai kira jandarma su kama shi.

"Kira su, ranka shi daɗe," in ji Gado. "Ko kuwa mu yi mai sauƙi. Na amshi jirgin ga yadda yake, ba ni son kwalta. Ranar da gulbi ya kawo, ka taho da ɗiyanka, su za ni fara hayewa da su. Ka yarda?"

Alhaji ya dubi ruwan da ke bin takalminsa, ya koma ciki. Kafin la'asar masu walda biyu sun zo sun kankare jirgin gaba ɗaya, sun sake ɗinke shi a gaban jama'a. Gado ya sa aka sake cika shi, ya ƙara wuni guda yana tsaronsa, sai da ya ga ƙasa a bushe ya ɗaura shanu.

Da gulbi ya kawo a watan bakwai, ya zo da ƙarfi, ja wur, yana tafe da itatuwa. Wadda ta fara shiga jirgin 'yata ce, Dija, da jariri a baya, za ta asibiti. Na tsaya a bakin gaɓa, ni mai cewa a karɓi kwalta, ban ɗauke ido daga jirgin ba sai da na ga ta taka tudu a ƙetare.